Abin da ke kashe mai ƙuna bayan wuta ta mutu

Jama'a, duk wanda ya bi labarin tankar man da ta fashe a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, ranar 15 ga Oktoban 2024, zai tuna yadda alƙaluma suka riƙa hawa. Da farko aka ce mutum 90 da wani abu, daga baya aka haura 200. Allah Ya jiƙansu da rahama. Wasu gawarwaki ne da ba a ƙirga da wuri ba, amma akwai waɗanda aka kai asibiti da ransu, dangi har sun fara hamdala, sai bayan kwanaki rai ya yi halinsa. Irin wannan mutuwa tana da dogon tarihi a aikin likita.

Fata ita ce katangar jiki. Idan wuta ta rushe ta, mataccen naman da ya rage sai ya zama abincin ƙwayoyin cuta, kuma jini ba ya kai wa wurin balle ya kai magani. Daga nan su kutsa cikin jini, jiki ya rikice wajen yaƙi da su har ƙoda da huhu su fara gazawa. Shi ne likitoci ke kira sefsis.

A 1925 wani likita a birnin Detroit na Amurka, Edward Davidson, ya fito da dabarar fesa wa ƙuna sinadarin tanin. To, wannan sinadari ba baƙo ba ne a wajenmu, irinsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. A zahiri jeme fatar majiyyaci ake yi, ta yi ɓawo mai tauri, ruwa ya daina tsiyaya, zogi ya ragu. Asibitoci suka rungumi abin shekaru da dama. Ashe mugunya na taruwa a ƙarƙashin ɓawon ba a gani, sinadarin kuma yana lalata hanta.

Sai daren Asabar 28 ga Nuwamban 1942, wuta ta kama wani gidan rawa a Boston mai suna Cocoanut Grove. Mutum sama da 1,000 ne a ciki, ninki biyu na abin da doka ta yarda, babbar ƙofar kuma irin mai juyawa ce, ta cushe. Mutum 492 suka mutu. Asibitin Massachusetts General, wanda dama yana cikin shirin ko-ta-kwana tun harin Pearl Harbor, ya karɓi mutum 114, amma 39 kaɗai suka rayu har aka kwantar da su. Likitan tiyata Oliver Cope ya ƙi amfani da tanin. Ya sa aka rufe ciwukan da bandeji mai man basilin, aka keɓe majiyyatan wuri guda, aka dage da ƙarin ruwa da ruwan jini. Kamfanin Merck ya aiko da wani sabon magani da ba a fara sayarwa ba tukuna, penisilin, aka ba mutum 13. Bayan wannan gobara tanin bai ƙara yin daraja ba. A nan ne kuma aka gane cewa hayaƙin da mutum ya shaƙa yana iya kashe shi ko da ƙunar fatarsa ba ta da yawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin nan shi ne, duk ƙofar da aka toshe sai mutuwa ta sake wata. Ƙarin ruwa ya hana mutane mutuwa a kwana biyun farko, sai suka riƙa mutuwa a mako na biyu da na uku. Penisilin ya kashe ƙwayoyin da aka sani, sai wasu suka bijire masa, wata kuma mai suna Sudomonas, mai sa mugunya ta yi kore, ta mamaye ɗakunan masu ƙuna. A 1965 Carl Moyer ya dawo da ruwan sinadarin azurfa, wanda ke maida zanen gado da duk abin da ya taɓa baƙi ƙirin. A 1968 Charles Fox ya haɗa farin man nan mai azurfa da har yau ake shafa wa ƙuna a asibitocinmu.

Amma a ganina wadda ta fi kowa gano bakin zaren wata mace ce, Zora Janzekovic, likitar tiyata a garin Maribor na tsohuwar Yugoslabiya. A lokacin al'ada ita ce a jira makonni mataccen nama ya saki da kansa. Ita kuwa cikin kwana uku zuwa biyar take shiga da majiyyaci tiyata, ta riƙa feƙe mataccen naman sala-sala har ta iso inda jini ke tsattsafowa, nan take ta dasa fata daga wani sashen jikinsa. Ta wallafa sakamakon a 1970. An daɗe ana yi mata kallon mai ganganci, yau kuwa hanyarta ake bi a duniya.

Daga wannan gwagwarmaya aka san waɗanda sefsis ta fi yi wa barazana. Faɗin ƙuna shi ne kan gaba: da zarar ta haura kashi 20 cikin 100 na jiki, garkuwar jiki kanta takan raunana, kuma tafin hannun mutum da yatsunsa kusan kashi 1 ne, sai ku auna. Sai zurfinta, sai shaƙar hayaƙi da ke share wa ciwon huhu hanya. Ƙananan yara da tsofaffi da masu ciwon suga sun fi shiga haɗari. Akwai kuma abin da jinyar kanta ke jawowa: robar fitsari, robar da ake sa wa a babbar jijiya, na'urar numfashi, kowacce ƙofa ce, kuma daɗewa a asibiti na haɗa mutum da ƙwayoyin da suka saba da magani. Jikin mai ƙuna yana cin kansa, don haka rashin isasshen abinci ma yana cikin lissafi.

Mu da muke aikin ofis mun san yadda ake yi bayan kowace gobara: a kai gudummawar buhunan shinkafa, a kafa kwamiti. Ba kasafai ka ji an tambayi ɗakin tiyata nawa ke iya dashen fata a cikin makon farko ba, alhali can ne rai yake.

Sannan mu ma a gida muna da namu tanin ɗin. Da an ƙone sai a kawo ɗanyen ƙwai, man goge baki, baƙin mai, wani har kashin shanu. Duk rufe ciwo suke da datti, likita kuma sai ya kankare su kafin ya ga zurfin ƙunar. Abin da ake so shi ne a yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi, ba ƙanƙara ba, kamar minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a nufi asibiti. Wanda ke jinya kuma, idan ya ga zazzaɓi ko sanyin jiki, numfashi sama-sama, fitsari ya ragu, majiyyaci ya fara sambatu ko ciwon ya sauya launi, ya kira ma'aikacin jinya a daren, kada ya jira zagayen likita na safe.