Hawan dogayen duwatsun Afirka: tafiyar kwanaki da yada zango a sama

Hawan dogon dutse tafiyar ƙasa ce da ke ɗaukar kwana biyu zuwa tara, ana kwana a tanti ko a bukkar katako, har a kai ƙololuwa a sauko. Mafi yawan manyan duwatsun Afirka da ƙafa ake taka su, ba a bukatar igiya ko ƙugiya. Abubuwa biyu ne ke kayar da matafiya a kansu: ƙarancin iskar shaƙa da sanyi. Dukansu biyu baƙi ne ga mazaunin Zango a Wagadugu, domin birnin yana kan mita kusan 300 ne kawai sama da teku, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce ta kowace fuska.

Tsarin tafiyar kuwa Bahaushe ya san shi tun kaka da kakanni. Zango shi ne wurin da ayarin fatake ke sauke kaya ya kwana, kuma daga nan unguwannin Hausawa a Gana da Togo da Benin suka samo suna. A Wagadugu tsohuwar unguwar Hausawa ita ce Zangouettin, wadda aka rushe a farkon shekarun 2000 saboda aikin ZACA na sabunta tsakiyar birni. Fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gurma da ta Mosi suna da madugu mai yanke inda za a kwana, da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya. Ayarin hawan dutse na yau haka yake: akwai jagora, akwai ƴan dako, akwai mai dafa abinci, kuma ana lissafin hanya da yawan zango fiye da yawan kilomita.

Duwatsun da ke kusa

Wuri mafi tsayi a Burkina Faso shi ne Tenakuru, kimanin mita 750, a yammacin ƙasar kan iyaka da Mali, ba nisa da Sindu. Hawan yini ɗaya ne, kuma tsayinsa bai kai inda iska ke raguwa ba. Yana da amfani wajen gwada ƙafa da takalmi.

A Nijar, tsaunin Bagzan da ke cikin duwatsun Ayar, arewa maso gabas da Agadas, ya kai mita 2,022 a ƙololuwarsa, Idukal-n-Tagas. Samansa faffaɗan fili ne mai ƙauyukan Abzinawa da lambuna, ana hawa ta ƴan hanyoyi da jakuna ke ɗaukar kaya, galibi daga wajen Tabelot. Tafiyar kwanaki ce ta gaske, daren hunturu a can kuma yana iya daskarar da ruwa. Sai dai yawon buɗe ido a Ayar ya durƙushe tun tawayen 2007, kuma ba a shiga yankin sai da sanin hukumomin Agadas da jagora ɗan ƙasa. A Najeriya, Chappal Waddi mai mita 2,419 yana jihar Taraba, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti kan iyakar Kamaru. Shi ma kwanaki ake yi ana ratsa tuddai da rugagen Fulani kafin a kai.

Dutsen da ya fi kusa a cikin waɗanda suka haura mita 4,000 shi ne Dutsen Kamaru, wanda ake kira Fako, a bayan garin Buea. Dutse ne mai aman wuta, ya yi a 1999 ya sake a 2000. Hanyar da aka fi bi tana da bukkoki uku: ta farko a wajen mita 1,900 cikin kurmi, ta biyu a wajen 2,850 inda itatuwa suka ƙare sai ciyawa, ta uku sama da 3,700 cikin baƙin dutse da toka. Tun 1973 ake tseren hawa da sauka a kansa, yanzu a watan Fabrairu, kuma zakaru kan gama cikin awa huɗu da ƴan kai. Sarah Etonge ta lashe na mata sau bakwai. Wannan tsere yana ruɗar baƙi, su ɗauka dutsen abin kwana ɗaya ne, alhali masu tseren mafi yawansu mutanen tsauni ne da suka saba da shi, kuma ba sa kwana a sama. Baƙo daga Sahel kwana uku ya fi masa. Ana hawa daga Nuwamba zuwa Maris, saboda gefen dutsen na yamma yana cikin wurare mafi ruwan sama a duniya. Buea na yankin masu magana da Ingilishi da ke cikin rikici tun 2016, don haka a bincika halin tsaro kafin a sayi tikiti.

Kilimanjaro

Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, shi ne mafi tsayi a Afirka. Hans Meyer da Ludwig Purtscheller ne aka fara rubuta cewa sun kai samansa, a 1889. Dokar gandun ta hana hawa ba tare da jagora mai lasisi ba, kayan ɗan dako kuma an ƙayyade su a kilo 20, ana aunawa a ƙofa.

Hanyar Marangu ce kaɗai mai ɗakunan kwana: Mandara a wajen mita 2,700, Horombo a 3,700, Kibo a 4,700. Ana sayar da ita a matsayin hanya mai sauƙi da araha, ta kwana biyar, amma kowane zango yana ɗaga mutum mita dubu guda, abin da ya ninka adadin da likitoci ke ba da shawara. Hanyar Machame ta kwana shida ko bakwai a tanti ake yin ta, ta fi wahalar ƙafa, amma tana da wata dabara: a rana ta uku ana hawa har mita 4,600, a ci abinci, sannan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000. Jiki ya ɗanɗana sama, ya huta a ƙasa. Daga zangon ƙarshe, Barafu, ana tashi da tsakar dare da tocila a goshi, a isa ƙololuwar Uhuru da fitowar rana, a juyo nan take. Kalmar da jagorori ke maimaitawa da Suwahili ita ce pole pole, wato sannu sannu. Lokutan hawa su ne Janairu zuwa farkon Maris, da Yuni zuwa Oktoba. Kuɗin tafiyar yakan kai sefa miliyan ɗaya ko fiye, ban da jirgi, kuma idan za a rage wani abu don tsimi, kada ya zama yawan kwanaki.

Ciwon tsauni

Duk yadda aka ƙara sama, nauyin iska raguwa yake yi. A ƙololuwar Kilimanjaro kowane numfashi yana kawo kusan rabin iskar oksijin da yake kawowa a bakin teku. Jiki na iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. Idan aka gaggauta shi, sai ciwon da likitocin Wagadugu da Yamai suka sani da sunan mal aigu des montagnes ya kama mutum, galibi daga mita 2,500, awa shida zuwa goma sha biyu bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci, ƙin abinci. Ƙarfi ba ya karewa. Matashi ɗan ƙwallo yana iya faɗuwa dattijo mai tafiyar hawainiya ya wuce shi, sau da yawa ma saurin matashin ne ke jawo masa.

Ƙa'idar da aka fi yarda da ita: bayan mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Wanda ya ji alamun ciwon kada ya ƙara sama sai sun lafa. Akwai alamu biyu da ba a jira gari ya waye a kansu. Na farko haki ko da mutum na zaune, da tari mai kumfa, alamar ruwa ya taru a huhu. Na biyu tangaɗi kamar mai maye, da ruɗewar magana, alamar kumburin ƙwaƙwalwa. Kowannensu na iya kashewa cikin yini ɗaya, maganinsu kuma saukowa ne, ko da dare ne, ko da a goye. Nan ne kunya da jarumta ke yin ɓarna: mutum ya tara kuɗi shekara biyu, ƴan unguwa na jiran hoto, sai ya ɓoye wa jagora ciwon kansa. Maganin acetazolamide, da aka fi sani da Diamox, yana taimaka wa jiki sabawa, amma da takardar likita ake shansa, kuma ba ya maye gurbin kwanaki.

Akwai abin da ya shafi mutanen Afirka ta Yamma musamman, wanda littattafan matafiya na Turai ba su cika tsayawa a kansa ba: amosanin jini, wato sikila, drépanocytose a Faransanci. Mai SS ko SC bai kamata ya hau irin wannan tsayi ba, kuma nau'in C ya yawaita ƙwarai a Burkina Faso. Mai AS ma, wanda a ƙasa lafiyarsa ƙalau, saifarsa na iya toshewa a sama. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Gwajin jini kafin tafiya ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin jirgi. Haka nan wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba ya jira jininsa ya dawo.

Kwanan tanti

Zafi na raguwa da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita dubu. Daren hunturu mafi tsanani a Wagadugu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. Daren ƙarshe a Kilimanjaro kuwa yana iya kaiwa digiri 10 ko 15 ƙasa da sifili, ga iska. Riguna uku ko huɗu marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sun fi babbar riga guda, domin ana tuɓewa ana mayarwa yadda rana ta juya. Auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, ulu ya fi ta. Bargon shiga mai kamar buhu ba ya isa shi kaɗai, sai da shimfiɗa a ƙarƙashi, saboda ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Takalmi kuma a taka shi makonni a gari kafin a kai shi dutse. Rawani yana aiki sosai wajen tare iska da ƙura, amma ido na bukatar baƙin tabarau, don ranar sama tana ƙuna ko ana jin sanyi.

Kada a shigar da gawayi ko murhun gas cikin tanti a rufe. Hayaƙin da ba a gani yana kashe mai barci, alamunsa na farko kuma iri ɗaya ne da na ciwon tsauni.

A mita 4,000 ruwa na tafasa ne a wajen digiri 87, shi ya sa shinkafa da wake ke jinkirin nuna. Guzurin fatake ya fi dacewa: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo, cuku, da shayi mai sukari. Ana bukatar lita uku zuwa huɗu na ruwa a yini, a tafasa ko a sa ƙwayar tsarkakewa, a kuma kwana da gora cikin bargo don kada ta daskare. Waya da batir ma haka. Musulmin da ke tafiyar yana da sauƙin da shari'a ta ba matafiyi na ƙasaru da taimama idan ruwa zai cutar. Ya fi kyau a kauce wa watan azumi gaba ɗaya.

Kamaru da Tanzaniya duka suna neman katin rigakafin shawara daga mai zuwa daga Burkina Faso, Nijar ko Najeriya, kuma sharuɗɗan biza sun bambanta da fasfon da mutum ke riƙe da shi, don haka a tambayi ofishin jakadanci tun da wuri. Kuɗin sallamar ƴan dako da jagora al'ada ce da ake sa rai da ita a Kilimanjaro, ba ya cikin farashin kamfani. A ware shi daban, a ba kowa a hannunsa ranar saukowa.