Fadima 'Yar Shehu, Mai Ciyar da Jama'a

 

Idan aka ambaci 'ya'yan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mata, sunan Nana Asma'u ke fara zuwa baki, kuma ta cancanci haka. Amma yau ina so in yi magana a kan 'yar uwarta Fadima, Allah Ya jiƙanta, wadda ba kasafai ake jin sunanta a wa'azi ko a makaranta ba. Uwarsu ɗaya da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ita ce kuma matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo. Ta rasu a 1838, shekara guda bayan rasuwar Bello a Wurno.

Babban abin da ya tsare mana labarinta shi ne marsiyyar da Asma'u ta yi mata da Fulatanci, wadda Jean Boyd da Beverly Mack suka sa a cikin kundin rubuce-rubucen Asma'u na 1997. A ciki an yabe ta da kyauta, da ciyar da dangi da baƙi ba tare da bambantawa ba.

Kada mai karatu ya raina wannan yabo. Ya tuna halin da jama'ar Shehu ta shiga bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. An bar gonaki da rumbuna a baya. Yunwa da cuta sun yi musu ɓarna ƙwarai, har neman abinci ya zama cikin dalilan da suka sa suka nufi Zamfara a 1805. Matan da suka ga wannan zamani sun san darajar mudun gero. Ko bayan an kafa Sakkwato a 1809, yaƙi bai ƙare ba, kuma duk rundunar da za ta fita sai da guzuri. Wani ne zai surfa, ya daka, ya shanya nama, ya ƙiyasta abin da zai kai mutane su je su dawo. Gidan Sarkin Yaƙi kuwa ba ya rabuwa da masu shiga da fita. A ganina wannan ilimi ne cikakke, mai lissafi da tsari, ko da yake masu tarihi sun fi ƙidayar dawaki da tutoci.

Abin da ke damuna shi ne, Musulmi sun daɗe da rubuta ilimin girki. Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tara littafinsa a Bagadaza tun ƙarni na 10, Ibn Razin ɗan Andalus ya yi nasa a ƙarni na 13. Gidan Shehu ya bar mana fiƙihu da tauhidi da waƙoƙi a harsuna uku, har da magani, amma ilimin madafa ya tafi ne daga hannun uwa zuwa hannun 'ya. Kowace tsohuwa da ta rasu a Sakkwato ba a zauna da ita ba, ta tafi da rabonta.

Don haka nake roƙon 'yan uwa mata, musamman malaman Islamiyya, magada jajin 'Yan Taru, su sa sunan Fadima a darasi tare da na Asma'u da Maryam. Wadda kuma take da kaka a raye, ta ɗauki alƙalami ta tambaye ta yadda ake haɗa guzurin doguwar tafiya kafin zuwan mota, ta rubuta da sunan kakar da unguwarsu.