Malamin firamare a yankinmu: daga elementare zuwa yau

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da zancen lalacewar ilimi a jihar nan, malamin firamare ake fara ɗora wa laifi. Ni ma'aikacin ofis ne, ban taɓa riƙe alli ba, amma ina ganin kafin a yanke masa hukunci ya kamata mu san yadda aikinsa ya zama haka.

Zamanin En'e makarantun elementare kaɗan ne a ƙasar Zazzau, sai an bi gida-gida ana kamo yara. Malam kuwa babban mutum ne a gari, shi ke karanta wa mutane wasiƙa. Abin ya juya a Satumbar 1976, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, shirin da Gowon ya yi alkawarinsa tun 1974. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kusan miliyan 3. Garuruwan da yau ke ƙarƙashin Ikara, Maƙarfi da Kudan suka samu makarantu, wasu a gindin bishiya, aka yi ta yaye malamai a gaggauce. A shekarar ce aka kafa NTI a Kaduna don cike giɓin.

Sai maganar albashi. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya ɗan daidaita. A 1991 gwamnatin Babangida ta rushe ta, ta miƙa malamai ga ƙananan hukumomi. Dattawan aikin har yau ba su manta ba: watanni ba albashi, yajin aiki kan yajin aiki, har aka dawo da hukumar a 1993. Malamai da yawa tun lokacin suka riƙi gona hannu biyu, aji hannu ɗaya. Ban ga laifinsu ba.

To yau fa? Ku ɗauki malami a Likoro ko Gazara ko Paki. Kafin ƙarfe takwas ya sa an share fili, an yi asambuli, ya kira suna. A takarda malami ɗaya yara 35 ne. Ku leƙa aji ɗaya ku ƙirga da kanku. Shi ne mai lissafi, shi ne mai Turanci, shi ne mai Hausa, in abokin aikinsa bai zo ba ya haɗa aji biyu. Yana rubutu a allo yana raba faɗa, wannan ba fensir, wancan bai karya ba. Da damina rabin aji na gona, lokacin yankan rake da tsinkar tumatur haka, ranar kasuwa 'yan mata na talla. In sun dawo sai ya koma baya ya sake darasin. An tashi kuma ga makin littattafai, ga shirin darasin gobe da hedimasta zai sa wa hannu. Da aka fara ciyarwa a 2016 yara suka ƙaru, layin abinci ma ya zama aikinsa.

A 2017 gwamnatin El-Rufai ta yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin maki 75 cikin ɗari, aka sallame su. Gaskiya akwai waɗanda bai kamata su tsaya gaban yara ba, mun ga takardun. Amma fa ba su suka ɗauki kansu aiki ba, kuma masu raba gurabe da takardar ɗan siyasa ba su zauna wata jarrabawa ba.

Abin da ya sa na kawo tarihin nan shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ina goyon baya. Sai dai ina so shugabannin Ikara, Maƙarfi da Kudan su faɗa mana tun yanzu: in kuɗin ya shigo hannunsu, albashin malamai za a fara cirewa, ko sai an gama da 'yan kwangila?