Sabo ko Baƙo? Sunayen da Ke Rikita Masu Ƙirƙira

Akwai wata 'yar na'ura da ke ɓoye a jikin murfin masai na zamani, da akwatin gaban mota, da murfin injin wanki. Ita ke sa murfi ya sauka sannu a hankali maimakon ya faɗo da ƙara. Ɗan gwangwani ne cike da mai mai kauri, galibi man silikon, da ɗan fiffike da ke juyawa a ciki. Duk lokacin da murfin ya so gudu, sai man ya danne fiffiken. Har yanzu ba mu raɗa mata suna ba. Wani zai ce birki, amma birki tsayarwa yake yi. Wani ya ce sifirin, amma sifirin ajiye ƙarfi yake ya maido shi. Ita kuwa shanye ƙarfin take yi ta mayar da shi ɗan ɗumi. A ganina “mai sassauta juyi” ya fi dacewa da ita.

Mu ƙaddara wani ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ya ƙera irinta da hannunsa. Gari zai ɗauka: yaro ya ƙirƙiro sabon abu. A nan kalmar “sabo” ke yaudararmu. A bakinmu, sabo shi ne abin da idonmu bai taɓa gani ba. A dokar Nijeriya ta 1970 da ke kare ƙirƙira da siffofin kayan masana'antu, sabo shi ne abin da ba a taɓa bayyana wa jama'a ba a ko'ina cikin duniya, a kowane zamani, ko a rubuce, ko da baki, ko ta hanyar amfani da shi. Abin da aka sani a Jamus amma bai iso Zurmi ba, baƙo ne a wurinmu, ba sabo ba.

Dabarar fiffike cikin mai kuwa tsohuwa ce. Tun farkon ƙarni na 20 Bafaranshe Maurice Houdaille ya yi amfani da ita wajen rage girgizar mota, kuma kamfanin Ford ya sa ta a motar da ya fitar a 1927. To me ya rage wa ɗalibinmu? Ya rage masa da yawa: siffar fiffiken, ko bawul da zai bar murfi ya buɗe da sauƙi ya rufe a hankali, ko hanyar toshe yoyon mai, ko dabarar ƙera ta da araha. A inda ake binciken sabunta, mai tantancewa yana ɗaukar da'awar mai nema ɗaya bayan ɗaya ya gwada da tsofaffin takardu. Idan takarda guda ta riga ta ƙunshi duk abin da ya lissafa, sabunta ta faɗi. Ko ta tsira, da sauran sharuɗɗa biyu: kada abin ya zama wanda kowane gwanin sana'ar zai hango ba wahala, kuma ya zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi. Wannan ne ke raba ƙirƙira da kwaskwarima, ya raba su duka da kwaikwayo.

Ma'anar “sabo” a doka tana da kaifi biyu. Tana kare gadon maƙeranmu, domin ba wanda zai tashi yau ya ce shi ya ƙago galma ko zugazugi. Amma tana iya yankar mai ita. Wanda ya kai na'urarsa kasuwar Shinkafi ya baje ta kafin ya shigar da takarda, shi da kansa ya tsufar da ita. Sassaucin da dokar ta yi na wata 6 ne, kuma ga wanda ya nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi kawai.

Sai “haƙƙin mallaka”, kalmar da muka ɗora wa kaya uku. Haƙƙin marubuci da mawaƙi da ɗan fim daban yake, da dokarsa ta 2022. Tambarin kasuwanci daban. Kariyar ƙirƙira daban, tana shekara 20 daga ranar shigar da takarda, yayin da rajistar siffar kaya ke shekara 5, a sabunta sau biyu. Mai walda da ya ji “haƙƙin mallaka” a rediyo ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Takardar kariyar ƙirƙira, mutane kan ce mata “shaidar ƙirƙira”, ni kuwa ina tsoron kalmar “shaida” a nan. Ofishin rajista na Abuja cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ba tare da lamunin ingancinta ba, kuma Babbar Kotun Tarayya na iya soke ta idan wani ya kawo hujja. “Rajistar da'awar ƙirƙira” ta fi kusa da gaskiya. Kuma ƙarfinta a iyaka yake tsayawa: daga Zurmi in an tsallaka Nijar, sai an bi ta ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde.

Saboda haka nauyin binciken yana wuyan mai ƙirƙira. Rumbunan takardun ƙirƙira na Espacenet da Google Patents kyauta ne ga mai intanet, hukumar NOTAP kuma tana taimaka wa masu ƙirƙira su yi rajista. Ina roƙon malaman kwalejojinmu su koya wa ɗalibi bambancin sabo da baƙo tun kafin ya kunna injin walda, ya bincika, ya shigar da takarda, sannan ya kira jama'a kallo.