Yadda Aka Nemi Maganin Sankarar Hanta

A zamanin Yaƙin Duniya na Farko, likitoci suka lura cewa sojojin da suka shaƙi wata iska mai guba, fararen ƙwayoyin jininsu sun ragu ƙwarai. Daga nan ne masana suka yi tunanin ko dafin da ke kashe ƙwayoyi masu saurin yaɗuwa zai iya kashe sankara. A 1942 Gilman da Goodman suka jarraba irin wannan dafi a Jami'ar Yale ta Amurka, ƙarin da ke jikin majiyyacin kuwa ya motse na ɗan lokaci. A 1948 Likita Sidney Farber na Boston ya sami nasara irin wannan a kan sankarar jini ta yara.

Amma da aka juya kan hanta, sai abin ya faskara. Dalili kuwa, aikin hanta ne ta tace dafi, kuma yawancin masu wannan ciwo hantarsu ta riga ta ƙandare tun kafin sankarar ta fito. In an ba su kaɗan bai isa ba, in an ƙara ya illata su.

To, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Hanta tana shan jini ta hanya biyu, watau babbar jijiya mai zuwa daga hanji, da wata mai kawo jini daga zuciya. Sankara kuwa ta biyun ce ke ciyar da ita. Saboda haka likitocin Japan, cikinsu har da Yamada, wanda ya bayyana sakamakonsa a 1983, suka riƙa zura siririn bututu cikin wannan jijiya, su zuba magani a bakin ƙarin, sa'an nan su toshe hanyar. A 2002 gwaji a Basilona da Hong Kong ya tabbatar dabarar tana ƙara wa majiyyata kwana. A 2007 aka amince da amfani da ƙwayar sorafenib a kan wannan ciwo, wadda ta ƙara kamar wata uku.

Duk da haka, babbar nasara ta wata ƙofa ta shigo. Ƙwayar cutar hanta nau'in B ita ce tushen yawancin wannan sankara a Afirka da Asiya. Da Taiwan ta soma yi wa jarirai allurar rigakafinta a 1984, sai ciwon ya ragu ainun a cikin yaranta. Gambiya ma ta soma a 1986. Abin da ya gagari dafi mai ƙarfi shekaru da yawa, allurar jariri ce ta tare shi tun bai taso ba.