Daga Baƙi Zuwa Fari: Tarihin Adon Gindin Bango

A yau idan muka shiga falon sabon gida, da wuya mu rasa wani farin layi da ya kewaye gindin bango, ya haura ya zagaye ƙofa da taga. Magina na kiransa sikatin. Mun saba da shi har muna zaton haka ya taso fari fat. To, ashe ba haka ba ne.

Asalinsa katako ne da Turawa ke bugawa a mahaɗar bango da daɓe, don ya rufe tsaga, ya kuma kare shafe daga tsintsiya da takalmi da ƙafar kujera. Tun da aikinsa tare datti ne, a Ingila ta ƙarni na 18 akasari baƙi ko ruwan ƙasa ake shafa masa. A zamanin Sarauniya Biktoriya (1837 zuwa 1901) ma launi mai duhu ne ya fi yawa, domin hayaƙin kwal da na fitilun gas ba sa barin fari ya daɗe.

Akwai kuma wata matsalar. Farin fentin wancan lokaci da dalma ake yin sa. Iskar da ke ɗauke da hayaƙi takan dusashe shi, sa'annan ga shi guba. Masu fenti sun sha fama da murɗar ciki da shanyewar hannu. Wannan ne ya sa wani ɗan kwangilar fenti a birnin Faris, Leclaire, ya duƙufa tsakanin 1835 da 1844 wajen samar da farin fenti daga zinki. A 1904 kuma wani likita a Ostireliya, Lockhart Gibson, ya gano cewa fentin shingen baranda ne ke sa wa yara cuta. Dalilin a fili yake: yaro mai rarrafe duk abin da ya taɓa baki yake kai shi, ɓawon fentin dalma kuwa zaƙi gare shi. Gindin bango da dokin taga su ne daidai tsayinsa.

A 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar hana shafa farar dalma a cikin gidaje. Amurka ba ta haramta fentin dalma a gidajen zama ba sai 1978.

Abubuwa uku ne suka ɗora fari a kan karaga. Na farko, wutar lantarki ta kori fitila mai hayaƙi. Na biyu, ado ya sauya: fararen gine-ginen baje kolin Chicago na 1893 sun burge jama'a, sa'annan Elsie de Wolfe, a littafinta na 1913, ta yi kira da a bar duhu a koma ɗaki mai haske. Na uku, wajen 1920 aka fara sayar da farin titaniyam, wanda ya fi na dalma rufi, ba shi kuma da gubarta.

Mu a nan, ta gidajen bariki da ofisoshin gwamnatin mulkin mallaka wannan ado ya shigo mana, daga baya siminti da tayil suka maye gurbin katako. Amma fari ba baƙonmu ba ne. Tun kafin Bature iyayenmu mata ke daɓe ɗaki, su tsuma shi da makuba, su shafe bango da farar ƙasa, musamman gabanin salla ko tarewar amarya. Farar ƙasa takan goge ta ɓata riga, amma ba ta taɓa shanye hannun mai shafa ta ba.

Dalma kuwa mun san sharrinta, domin a 2010 gubarta daga haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara. Saboda haka, kafin mu kankare tsohon fentin mai, ko mu sayi sabon gwangwani, ya kamata mu tambayi abin da ke cikinsa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.