Tafiya da kwana cikin mota lokacin bazara a Adar

Masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa da ke ƙasashen waje, wannan bayani naku ne, musamman masu tuƙo mota zuwa gida ganin dangi, da direbobin kamiyo masu ɗaukar albasa. Turawa suna da mota mai ɗaki, da gado da wurin girki a ciki. Mu nan, motar da ka tuƙa da rana ita ce ɗakinka da dare, in tafiya ta yi nisa ko ta lalace a daji.

Yanayi da hanya
Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a jahar Tawa yakan wuce digiri 40, wani lokaci har 45. Motar da aka rufe cikin rana kuwa, cikinta yana iya haura 60. Babbar hanya ta ɗaya ta ratsa Madawa tsakanin Ƙonni da Maraɗi. Daga Madawa ne ake yin arewa zuwa Buza da Keita, ƙasar duwatsu da hawa da gangara, inda injin ya fi shan wahala.

Lokacin tafiya
A tashi bayan sallar asuba. In rana ta take, wajen ƙarfe 12, a nemi inuwa sai la'asar. Sauri ya haifi nawa.

Mota
A duba iskar taya da safe tun tana sanyi, domin tayar da iskarta ta ragu ita ke saurin fashewa bisa guduro mai zafi. A riƙe taya ta biyu. In injin ya yi zafi, a tsaya. Kada a buɗe murfin ruwansa sai ya huce, tururin yana ƙona fuska.

Ruwa
Kowane mutum aƙalla lita 5 a yini, da bido daban na injin. Kada a jira ƙishirwa kafin a sha.

Wurin kwana
Mafi alheri a sauka cikin gari, a gaida maigari, ko a tsaya a tasha ko kusa da jandarma. Kada a kwana da injin a kunne gilashi a rufe: hayaƙinsa yana da gubar da ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Mai shimfiɗa a ƙasa ya kakkaɓe tabarma da takalmi saboda kunama. Kada a girke mota cikin korama, ko da busassa ce. Ruwan farko yana iya sauka bisa duwatsu can nesa, ya iske ka kana barci.

Yara
Kada a bar yaro cikin rufaffiyar mota, ko da "yanzu zan dawo" ne.

In zafi ya bugi mutum
Alamunsa ciwon kai, jiri, amai, jiki zau, da magana ba kan gado. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita. In yana cikin hayyacinsa, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali cikin ruwa lita 1, ya riƙa kurɓa. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi gidan likita mafi kusa.

Kafin ku taso, ku faɗa wa na gida hanyar da za ku bi da lokacin isowarku. Allah ya kawo ku lafiya.